Yadda bayanin mutum ɗaya ke warware binciken kisan kai da ya gagari 'yan sanda

A ranar Laraba 3 ga watan Afrilun 1996, jami'an hukumar bincike ta Amurka, FBI, suka kewaye wata ƙaramar bukkar katako da ke cikin daji kusa da garin Lincoln a jihar Montana. Babu wutar lantarki a bukkar, babu ruwan famfo. Mutumin da suka fito da shi daga ciki, Theodore Kaczynski, tsohon malamin lissafi ne a jami'a, kuma shi ne wanda hukumar ta kwashe kusan shekara 18 tana nema ruwa a jallo.

Abin da ya kai jami'an ƙofar bukkar shi ne bayanin da wani mutum ɗaya ya bayar, wato ƙanin wanda ake nema, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan shari'a ta zama abin misali a duk lokacin da ake maganar tasirin masu tsegunta wa hukuma bayani. Sai dai tarihin manyan binciken kisan kai a Amurka da Birtaniya da Kanada ya nuna cewa zuwan bayani kaɗai ba ya kama mai laifi. Akwai bayanin da ya zo a kan lokaci aka bar shi cikin tarin takardu, akwai na ƙarya da aka rungume hannu biyu, akwai kuma wanda ya jefa mai gaskiya a gidan yari. Abin da ke bambanta su shi ne aikin da masu bincike suka yi bayan sun karɓi bayanin.

Shekara 17 ana lalube cikin duhu

Daga 1978 zuwa 1995, an aika ko an dasa bama-bamai 16 a sassan Amurka, yawancinsu a cikin ƙunshin da ake turawa ta gidan waya. Mutum uku suka mutu, 23 suka jikkata. Na farko da ya rasa ransa shi ne Hugh Scrutton, mai shagon kwamfuta a birnin Sacramento, a Disamban 1985. Sai Thomas Mosser, babban jami'in wani kamfanin talla, wanda ƙunshin ya fashe da shi a gidansa da ke New Jersey a Disamban 1994. Na ƙarshe shi ne Gilbert Murray, shugaban wata ƙungiyar masu sana'ar katako a California, a Afrilun 1995.

Da yake hare-haren farko sun shafi jami'o'i da jiragen sama ne, FBI ta raɗa wa binciken suna UNABOM, daga nan kuma jaridu suka laƙaba wa maharin Unabomber. Tawagar binciken ta kai mutum sama da 150, kuma an sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya taimaka aka kama shi.

Duk da haka an rasa bakin zaren. Maharin yana haɗa bama-bamansa ne da tarkacen katako da ƙarafa waɗanda ba a iya gano inda aka samo su, kuma ba ya barin shatin yatsa. Abin da aka samu mafi kusa da kamanninsa shi ne wani zane da aka yi a 1987, bayan wata mata ta hango shi a Salt Lake City sanye da baƙin tabarau da riga mai hula. Zanen ya karaɗe Amurka amma bai kai ga kowa ba.

Irin wannan yanayi ne ke sa bincike ya cije. Mafi yawan kisan kai yana faruwa ne tsakanin mutanen da suka san juna, don haka 'yan sanda kan fara da dangi da abokai da abokan gaba. Idan babu wata alaƙa tsakanin makashi da wanda ya kashe, shaidar da aka tsinta a wurin ba ta da wanda za a gwada ta da shi. Masu bincike na iya sanin irin katakon da aka yi amfani da shi da irin keken rubutun da aka buga wasiƙa, amma ba su da suna.

Rubutun da ya tona asiri

A 1995 maharin ya aika wa manyan jaridu wata doguwar maƙala mai kalmomi kusan 35,000, wadda ke sukar fasahar zamani, ya kuma yi alƙawarin daina kisa idan aka buga ta. Bayan muhawara mai zafi, ministar shari'a Janet Reno da shugaban FBI Louis Freeh suka ba da shawarar a buga, da fatan wani zai gane salon marubucin. A ranar 19 ga Satumban 1995 maƙalar ta fito a jaridar Washington Post, da haɗin gwiwar New York Times.

Dubban mutane suka yi ta kiran layin da FBI ta ware, kowa da wanda yake zargi. A cikin waɗanda suka karanta maƙalar akwai David Kaczynski, ma'aikacin jin daɗin jama'a a jihar New York. Matarsa, Linda Patrik, malamar falsafa, ita ce ta fara zargin yayan mijin nata, ta kuma matsa masa ya karanta.

Theodore ya shiga jami'ar Harvard yana ɗan shekara 16, ya yi digirin digirgir a Michigan, ya koyar a jami'ar California da ke Berkeley, sannan ya ajiye aiki a 1969. Daga 1971 ya koma zama a Montana, ya yanke hulɗa da kusan kowa, amma ya daɗe yana rubuto wa iyalinsa wasiƙu. A cikin waɗannan wasiƙu, da wata maƙala mai shafi 23 da ya rubuta a 1971, David ya ga tunani da jerin kalmomi irin waɗanda ke cikin jarida. Ya kuma lura cewa wasu kuɗaɗen da ya taɓa aika wa yayan nasa sun zo daf da lokutan wasu hare-hare.

Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. David ya kwashe watanni a tsakanin abu biyu masu nauyi: idan ya yi shiru wani na iya mutuwa, idan ya yi magana ana iya yanke wa ɗan'uwansa hukuncin kisa. Bai garzaya wurin 'yan sanda kai tsaye ba. Ya fara neman wata mai bincike mai zaman kanta, aka sa masana suka kwatanta rubuce-rubucen, sannan ya ɗauki wani lauya a Washington, Anthony Bisceglie, wanda ya tuntuɓi FBI a madadinsa a farkon 1996.

Daga zato zuwa hujja

Sunan da David ya bayar ɗaya ne daga cikin dubbai. Abin da ya fifita shi a kan sauran shi ne ya zo da abin da za a iya gwadawa. Masu nazarin harshe na FBI, ciki har da James Fitzgerald, sun jera wasiƙun iyalin kusa da maƙalar suna kwatanta kalma da kalma. Sun sami kalmomin da ba kasafai ake amfani da su ba, da salon rubuta wasu kalmomi, har da wani karin maganar Turanci da marubucin ke juya jerinsa saɓanin yadda jama'a suka saba faɗa. Wasu jami'an kuma suka shiga bin sawun tafiye-tafiyensa ta motar safa da masaukan da ya kwana, suna gwada su da ranakun da aka aika bama-baman.

Da waɗannan ne aka je gaban alƙali aka nemi sammacin bincike. A cikin bukkar an sami kayan haɗa bam, da bam guda da aka gama haɗawa, da ainihin kwafin maƙalar, da shafuka kusan 40,000 na rubutun hannu waɗanda a ciki ya bayyana gwaje-gwajensa da hare-haren da ya kai. A Janairun 1998 ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai ba tare da damar saki ba.

Wannan shi ne tsarin da doka ke bi. Bayanin mai tsegumi, musamman wanda ya ɓoye sunansa, ba shi ne shaidar da ake kafa hukunci a kanta ba. Aikinsa shi ne nuna wa masu bincike inda za su duba. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace hakan a shari'ar Illinois da Gates a 1983, inda wata wasiƙa marar suna ta zargi wasu ma'aurata da safarar ƙwaya. Kotun ta amince da sammacin da aka bayar ne saboda 'yan sanda sun bi diddigi sun tabbatar da tafiyar da wasiƙar ta yi hasashe. A shekarar 2000 kuma, a wata shari'a daga Florida, kotun ta ce kiran waya marar suna da ya bayyana tufafin wani matashi da inda yake tsaye kawai bai isa dalilin tsayar da shi a caje shi ba.

Saboda haka masu bincike kan auna kowane bayani da tambayoyi kaɗan. Shin mai bayanin ya gani da idonsa ne ko ji ya yi? Ya faɗi wani abu da ba a taɓa sanar wa jama'a ba? Akwai ɓangaren maganarsa da za a iya tabbatarwa ta wata hanya dabam? Me zai samu idan aka kama wanda ya ambata? Wannan ne ma dalilin da ya sa 'yan sanda kan ɓoye wasu bayanan kisa daga manema labarai, domin su zama ma'aunin gane mai gaskiya.

Sunan da ya zo aka yi sakaci da shi

A arewacin Ingila, Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 daga 1975 zuwa 1980. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi har sau tara suna sallamarsa. A Nuwamban 1980 wani tsohon abokinsa ya aika wasiƙa marar suna yana ambatarsa, washegari kuma ya je ofishin 'yan sanda a Bradford da ƙafarsa. Wasiƙar na nan cikin takardun da ke jiran a duba su har ranar 2 ga Janairun 1981, lokacin da wasu 'yan sandan sintiri a Sheffield suka kama Sutcliffe saboda lambar motarsa ta bogi ce.

Binciken da gwamnati ta sa aka yi daga baya, ƙarƙashin Lawrence Byford, ya gano cewa ɗakin tattara bayanai ya nutse cikin katunan takarda, ta yadda ba a iya haɗa abin da wannan jami'i ya ji da abin da wancan ya gani. Darasin da aka koya ne ya haifar da tsarin kwamfuta na HOLMES, wanda rundunonin 'yan sandan Birtaniya suka fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1980 domin tattara bayanan manyan laifuka a wuri guda.

Shari'ar Stephen Lawrence ta fi wannan ɗaci. Wasu matasa farar fata ne suka daɓa wa baƙar fatan mai shekara 18 wuƙa a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan, a daren 22 ga Afrilun 1993. Tun washegari mazauna unguwar suka fara ba da sunayen waɗanda suke zargi, wasu ta waya, wani ta takarda da ya bari a rumfar tarho, wani kuma ya je ofishin 'yan sanda da kansa. Ba a fara kame ba sai ranar 7 ga Mayu, mako biyu bayan kisan. A tsakanin nan jami'an sa ido sun ga ana fita da kaya a baƙar leda daga gidan wasu da ake zargi, ba a kuma bi kayan ba.

Rahoton Sir William Macpherson na 1999 ya ɗora laifin a kan rashin ƙwarewa da gazawar shugabanni da wariyar launin fata da ta yi katutu a rundunar 'yan sandan Landan. Sai a Janairun 2012 aka samu Gary Dobson da David Norris da laifi, bisa wani ɗan mitsitsin ɗigon jini da zaruruwan tufafi da gashi da aka gano da sababbin dabarun kimiyya. Dukansu biyun suna cikin waɗanda aka ambata tun kwanakin farko.

Bayanin ƙarya da na mai neman riba

Haɗarin ɗaya ɓangaren shi ne a yarda da abin da bai kamata ba. A binciken Sutcliffe, wani mutum ya aika wasiƙu da kaset a 1978 da 1979 yana iƙirarin shi ne makashin. Manyan jami'ai suka gaskata, suka koma neman mai karin harshen yankin Sunderland, suna wanke duk wanda muryarsa ba ta dace ba, har da Sutcliffe kansa. An kashe ƙarin mata uku bayan zuwan kaset ɗin. Sai a 2005 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA a jikin ambulan ya tona asirin mai ƙaryar, John Humble, kuma a 2006 aka ɗaure shi shekara takwas.

Akwai kuma fursunonin da kan ce wanda ake tuhuma ya amsa musu laifinsa a ɗakin kurkuku, suna fatan a rage musu hukunci. A Kanada, shaidar irin waɗannan mutum biyu na cikin abin da aka kafa hujja da shi wajen ɗaure Guy Paul Morin a 1992, bisa zargin kashe wata yarinya 'yar maƙwabtansu mai shekara tara. Gwajin DNA ya wanke shi a 1995. Hukumar binciken da mai shari'a Fred Kaufman ya jagoranta ta yi gargaɗi mai ƙarfi a 1998 game da dogaro da shaidar irin waɗannan fursunoni, kuma sai a 2020 'yan sandan Toronto suka gano ainihin wanda ya aikata kisan.

Labarin James Bulger, wanda aka fi sani da Whitey, ya haɗa fuskokin biyu. Shugaban 'yan daba ne a birnin Boston, kuma FBI ta yi shekaru tana riƙe da shi a matsayin mai kawo mata bayani, yayin da yake ci gaba da ta'asarsa. Tsohon jami'in da ya taɓa kula da shi ne ya tsegunta masa cewa za a kama shi, ya tsere a ƙarshen 1994. Bayan shekara 16 yana ɓuya, wata tsohuwar maƙwabciyarsa da ke zaune a ƙasar Iceland ta ga sanarwar nemansa da abokiyar zamansa a talabijin, ta kira FBI. An kama shi a Santa Monica a Yunin 2011, kuma a 2013 kotu ta same shi da hannu a kisan mutum 11.

Abin da ke hana mutane magana

A kusan kowane kisa akwai wanda ya san wani abu: matar da ta wanke riga mai jini, abokin da aka ba ajiyar makami, maƙwabcin da ya ga mota da tsakar dare. Tsoron ramuwar gayya da nauyin zumunci da rashin yarda da hukuma ne ke rufe musu baki. A tsakanin baƙi mazauna ƙasashen waje akan ƙara da fargabar cewa zuwa wurin 'yan sanda zai jawo tambaya kan takardun zama. Sunan da ake kiran mai bayanin da shi ma ba na yabo ba ne a harsuna da yawa. A arewacin Najeriya, kalmar infoma ta koma nufin mai kai wa 'yan bindiga rahoton mutanen gari.

Domin rage wannan tsoro aka ƙirƙiro tsarin ba da bayani a ɓoye. A Yulin 1976 'yan fashi suka harbe wani ɗalibi, Michael Carmen, a gidan man da yake aiki a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Da bincike ya cije, ɗan sandan da ke riƙe da shi, Greg MacAleese, ya sa wani gidan talabijin ya kwaikwayi yadda abin ya faru, ya yi alƙawarin lada da ɓoye sunan duk wanda ya kira. Cikin kwana uku wani ya kira ya ba da bayanin motar da ya gani, aka kama mutum biyu. Daga nan aka kafa shirin Crime Stoppers, wanda ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama.

A Birtaniya an kafa irinsa a 1988. Ƙungiya ce mai zaman kanta, dabam da 'yan sanda, wadda ake kira a kan lamba 0800 555 111. Ba a tambayar sunan mai kira, ba a naɗar muryarsa, kuma abin da ya faɗa kawai ake miƙa wa rundunar da abin ya shafa. Ga waɗanda dole sai sun tsaya gaban kotu kuwa, akwai shirin kare shaidu. Amurka ta kafa nata ƙarƙashin wata doka ta 1970, inda akan sauya wa mutum suna da garin zama.

Duk da haka alƙawarin ɓoye suna kan karye. Lokacin da aka wallafa rahoton Macpherson, an buga sunaye da adireshin wasu da suka ba 'yan sanda bayani bisa kuskure a wani rataye na rahoton, sai da aka janye shi cikin gaggawa aka kuma sama wa mutanen kariya. Kowane kuskure irin wannan yana rufe bakin masu bayani na gobe.

Abin da David ya biya

David Kaczynski ma ya nemi a sakaya sunansa, amma labarin ya fita daga cikin hukumar tun kafin ƙurar kamen ta lafa, 'yan jarida suka yi sansani a ƙofar gidansa. Ya yi fatan taimakon da ya bayar zai sa a bar ran yayansa, sai ga shi a 1997 ma'aikatar shari'a ta amince masu gabatar da ƙara su nemi hukuncin kisa. Amsa laifin da Theodore ya yi ne ya kawar da hakan, bayan wata likitar ƙwaƙwalwa da kotu ta naɗa ta ce yana fama da taɓin hankali, abin da shi kansa ya musanta.

An ba David ladan dala miliyan ɗaya a 1998. Bayan biyan haraji da kuɗin lauya, ya ba da mafi yawansu ga waɗanda hare-haren suka shafa da iyalansu. Daga baya ya shugabanci wata ƙungiyar masu adawa da hukuncin kisa a jihar New York, ya kuma ƙulla abota da Gary Wright, wanda bam ɗin Salt Lake City ya jikkata a 1987.

Ya ci gaba da rubuta wa yayansa wasiƙu a gidan yari shekara da shekaru, amma Theodore bai yafe masa ba. Ya mutu yana ɗaure a jihar North Carolina a ranar 10 ga Yunin 2023, yana da shekara 81, ba tare da 'yan'uwan biyu sun sasanta ba.